Kwas Biyu Saboda Sunan Kawu Dogara

Bitrus, Rahila da Ishaku, har da ke Ngozi matar Bitrus, wannan babin naku ne. Shekara da shekaru kuna tsokanata, duk ranar da aka taru cin shinkafar Kirsimeti sai wani ya tuno cewa Mama ta taɓa faɗuwa jarrabawa har ta maimaita aji da furfurarta, ni kuma in taya ku dariya. To ban faɗi ba. Tun da na shiga aikin jinya ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba, wanda kuma ya ce ya ga takardar da na faɗi, ya kawo ta mu gani. Na bar maganar ta tafi a haka ne don gaskiyarta ta shafi babanku, shi kuwa yana raye a lokacin, ba na son 'ya'yana su zauna suna auna wanda ya fi gaskiya tsakanin uwarsu da ubansu. Yanzu ya huta, ni ma gwiwoyina sun fara yi mini sallama, gara in faɗa da bakina tun ina iyawa.

A shekarar da nake magana ina aiki a wani ƙaramin asibiti a Kudenda, bayan masana'antu, inda yawancin masu zuwa ma'aikatan kamfani ne da iyalansu: wanda inji ya datse wa yatsa, mai naƙuda, mai hawan jinin da ya ƙi shan magani. Na haura shekara talatin ina sa farin kaya. Nas ba ta taɓa majiyyaci sai da lasisi, lasisin kuma ba na har abada ba ne, duk bayan shekara uku ake sabunta shi. A da abin ba wuya, ka kai hoto, ka cika fom, shi ke nan. Sai aka zo da doka cewa ba za a sabunta wa kowa ba sai ya zauna kwas na ƙarin ilimi, kwana biyar cur daga Litinin zuwa Juma'a, ya sa hannu safe da yamma, ya rubuta jarrabawa a ƙarshe, a ba shi takardar shaida ya haɗa da fom ɗinsa. Mu tsofaffin hannu muka yi ta gunaguni. Wace yarinya ce za ta koya mini aiki, ni da na yanke wa sa'o'inta cibiya? Na yi ta jan ƙafa har shekara ta fara gangarawa, lasisina kuwa tare da shekarar zai mutu. Likitan da ke da asibitin mutum ne mai jin kunyata, amma ranar ya ajiye kunyar a gefe.

"Sista, kin san ina ganin girmanki," in ji shi. "Amma in masu duba asibitoci suka zo a sabuwar shekara suka tarar lasisinki ya mutu, ni za su rufe wa ƙofa. In ba a sabunta ba, sai dai ki huta a gida."

Ni da na saba fita tun kaji ba su sauko ba, a ce in huta a gida daidai yake da a ce in kwanta in jira ranata. Na haɗiye girman kaina, ranar wata Litinin na nufi zauren da ake kwas ɗin kusa da Sabon Tasha. Na tarar da layi har bakin titi, yawancinsu 'yan mata ne masu latsa waya. Wadda ke teburin rajista kuwa ashe Godiya ce, nas 'yar majami'armu ta Kamazou, muna zumuntar mata tare. Tana hango ni ta miƙe ta taho da sauri har tana durƙusawa.

"Haba Mama! Ke ma layi za ki bi? Allah ya sawwaƙe. Zo ki zauna a gaba kusa da fanka, ni zan rubuta miki komai."

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Na ratsa ta gaban yaran nan ina taku ɗai-ɗai, na zauna ina fifita da littafi. Godiya ba ta tambaye ni sunana ba, kuma da ta tambaya ni kaina da na ga rashin kunyarta, don a wurinmu ƙaramar mace ba ta tsayar da babba ta ce mata yaya sunanki. Duk Kamazou Misis Ayuba aka san ni, a littafin zumunta kuma Saratu Ayuba aka rubuta. Abin da ta sani shi ta rubuta.

Kwas ɗin kansa ya ba ni kunya. Na shiga da niyyar gyangyaɗi, sai ga ni ina rubutu kamar 'yar aji ɗaya. An nuna mana yadda ake taimakon jaririn da ya fito bai yi numfashi ba, da 'yar jakar iska da ake matsawa, ba a riƙe shi ta ƙafa a yi ta mari kamar yadda aka koya mana a zamaninmu ba. An canza yadda ake kula da cibiya, an canza wasu magungunan da muka haddace. Hatta wanke hannu ashe yana da tsari, ni da nake wanke hannu tun ba a haifi mai koyarwar ba. Ranar Laraba wani malami siriri mai yawan barkwanci ya kwashe awa biyu a kan abu ɗaya, wato kada ka ba majiyyaci magani sai ka tabbatar da sunansa.

"Ko kin san shi, ko maƙwabcinki ne, ki tambaye shi sunansa, ki duba kati," in ji shi. "Sanayya ita ke kashe mutane a asibiti."

Ni ce na fi kowa gyaɗa kai, har na ɗaga hannu na ba da misali. Sau goma na sa hannu a takardar halarta cikin kwanakin nan biyar, a gefen Saratu Ayuba, ban ji komai ba, domin ai ni ce. Ranar Juma'a aka miƙa mini takardar shaida, na duba na ga na ci da kyau, na saka a jaka. Na kuma bar ta a jakar har mako uku kafin in ƙetare gada in kai ofishin da ake karɓa. Wata Hajiya mai tabarau ce a teburin. Ta dubi takardar, ta dubi tsohon lasisina, ta latsa kwamfuta, ta sake dubana ta saman tabarau.

"Sista, wannan takardar ta wace ce?"

"Tawa ce."

"Lasisin fa?"

"Shi ma nawa ne, Hajiya."

"To kwamfuta ta ce ku biyu ne. Saratu Ayuba ta yi kwas amma ba ta da lasisi. Saratu Dogara tana da lasisi amma ba ta yi kwas ba."

Na ce ba za a goge Ayuba a rubuta Dogara ba? Ta ce da a makon kwas ɗin na zo da an gyara, amma yanzu an aika da sunaye sama, bakin alƙalami ya bushe. Matar kirki ce, ta ja mini kujera ta yi mini bayani a tsanake.

"Hanya biyu ce. Ki je kotu ki yi rantsuwar canjin suna, ki buga a jarida, ki kawo takardar aurenki, a mai da rajistarki Saratu Ayuba. Ba ya daɗewa, ni ma haka na yi. Ko kuma ki sake zama kwas ɗin tun daga farko da sunan da ke kan lasisin." Ta yi dariya. "Amma wa zai yi wannan?"

A nan dole in gaya muku waye Dogara, don ba ku san shi ba, babanku ma bai taɓa ganinsa ba. Ba ubana ba ne. Ubana Bako ya rasu ina 'yar shekara shida, sai ƙanin mamata, Kawu Dogara, ya ɗauko ni daga ƙauye ya kawo ni ɗakinsa guda ɗaya a Kakuri. Ma'aikacin masaƙa ne, ƙarar injuna ta cinye masa kunne ɗaya, don haka ko sannu zai yi maka sai maƙwabta sun ji. Kullum yakan dawo da auduga a gashi kamar wanda ya tsufa a yini ɗaya. Matarsa ta tafi tun kafin in zo, saboda Allah bai ba su haihuwa ba. Tuwonsa gudaji ne zalla, amma ban taɓa kwana da yunwa ba. Guntayen yadin da ake ba su a masaƙa yake kai wa tela, shi ya sa na girma da riga mai zane iri uku. Ranar da ya kai ni firamare, hedimasta ya ce sunan uba. Kawu ya buɗe baki zai ce Bako, na riga shi na ce Dogara. Ya yi tsai yana kallona, bai gyara ba. Sunan nan ya bi ni takarda bayan takarda har makarantar jinya. Ranar da na kawo lasisina na farko ya wanke hannu kafin ya karɓa. Bai iya karatu ba, amma ya san siffar sunansa daga katin aikinsa. Ya bi layin da yatsa har ya tsaya.

"Wannan nawa ne," ya ce da muryar nan tasa, duk gidan suka ji. "Ku zo ku gani, gwamnati ta rubuta ni!"

Bai shekara biyu ba bayan nan tari ya tafi da shi. A wurin biso fasto ya tambaya ko akwai ɗansa da zai ce wani abu, aka yi shiru. Ni 'yar 'yar'uwa ce, ba a lissafa da ni a wannan gurbin. Bai bar baya ba, bai bar gida ba, masaƙar ma daga baya ta rufe. Da na yi aure na canza suna a majami'a, a banki, a katin zaɓe, ko'ina, na bar lasisin kawai. Ban taɓa zama na ce ga dalili ba, kawai dai hannuna bai taɓa kaiwa can ba.

Da na dawo daga ofishin na tarar da babanku a bayan gida yana gyaran akurkin kaji. Kun san shi, shekara da shekaru yana jan babbar motar kamfani bai taɓa buge ko akuya ba, dattijon majami'a, ba ya ɗaga murya, amma in ya kafe sai Allah. Na ba shi labari ina jiran ya yi mini dariya. Ya ajiye guduma.

"To ai Allah ne ya gyara miki, Maman Bitrus."

"Ya gyara me?"

"Shekara talatin da uku kina gidan Ayuba, kin haifi 'ya'yan Ayuba. Amma takardar da ke nuna wa duniya abin da kika iya, sunan wani ne a kai."

"Ba wani ba ne, Baban Bitrus, kawuna ne."

"Na taɓa ce miki uffan? Duk bayan shekara uku ina ganin takardar nan ta shigo gidana, ina kawar da kai. Na ce wata rana da kanki za ki gyara. Ba ki gyara ba, ga shi ranar ta biyo ki har gida."

Wallahi ban taɓa sanin abin yana cin sa ba. Mutumin da nake kwana nake tashi da shi, ashe yana ɗauke da wannan tun kafin a haifi Rahila. Na ji tausayinsa, na ji haushinsa, na kuma ji kunyar kaina da ban lura ba. Ya kuma fi ni hujja ta kowane gefe: hanyarsa ta fi sauƙi, ta fi sauri, ita kowace mace take bi. Na yi kwana biyu ina juya abin, a na uku na ɗauki takardar aurenmu na tafi kotu da niyyar in yi masa abin da yake so. A gindin bishiyar da ke harabar akwai wani dattijo mai buga wa mutane takardun rantsuwa, ana ce masa Malam. Ya tambaye ni tsohon suna da sabo, ya buga, sannan ya ce bari ya fassara mini kafin in shiga in rantse.

"Ni, wadda a da aka sani da Saratu Dogara, daga yau na bar wannan suna, ina so a san ni da..."

"Dakata, Malam. Na bar shi?"

"Haka ake rubutawa, Mama. Kowa haka yake rantsewa."

"Da Littafi Mai Tsarki a hannuna zan ce na bar shi?"

"To da me za ki rantse, da jakarki?"

Matarsa ta bar shi, masaƙa ta bar shi, yanzu kuma ni zan ɗaga Littafi in ce na bar shi, a buga a jarida kowa ya karanta. Na sallami Malam, na ce ya riƙe takardarsa ya kunna wuta da ita. Yana kirana yana cewa ko kuskure ya yi a rubutu, ban juya ba. Ina isa gida na sami babanku a zaune a baranda, ban ko ajiye jaka ba na ce masa zan sake kwas ɗin. Ya dube ni ya daɗe, ya ce to. Wannan "to" ɗin ita ce doguwar maganar da ya yi mini har mako uku. Yana cin abincina, muna tafiya majami'a tare a kan babur ɗinsa, muna zama a benci ɗaya, amma in zai nemi gishiri sai ya ce wa Ishaku ya ce wa uwarsa.

Godiya ce ta nemo mini jadawalin kwasa-kwasan da suka rage. Ta zo gida idonta ya yi ja, tana cewa Mama na kashe ki. Na ce ba ke ba ce, son girma ne, da na bi layi kamar kowa da hannuna zan rubuta. Sai ta miƙo takardar tana kawar da kai. Kwas ɗaya tak ya rage a shekarar, a wani zaure kan hanyar Abuja gab da Kakau, Litinin zuwa Juma'a. Asabar ɗin makon kuwa ita ce ranar auren Bitrus da Ngozi. Kun san abin da ake nufi da uwar ango a makon biki. Ita ke karɓar baƙi daga ƙauye, ita ke tsayawa kan tukwane, ita ake zuwa yi wa barka. Bitrus ya same ni a kicin ransa a ɓace.

"Mama, wane irin kwas ne wannan kuma? Ba kin yi ba?"

"An ce in sake."

"To a bari sai sabuwar shekara mana. Aurena ne fa."

"In na bari, aikina ya tafi."

Gaskiya na faɗa maka, Bitrus, amma rabinta. Akwai hanyar da zan riƙe aikina in kuma zauna a gida makon bikinka, ni ce na ƙi bin ta. Ka je ka tambayi babanka, ya ce maka ka tambayi uwarka. Daga nan kuka haɗa biyu da biyu kuka ce faɗuwa na yi ina jin kunyar faɗa, ni kuma na ga wannan ƙaryar ta fi gaskiyar sauƙin ɗauka a makon biki, na bar ku da ita.

Ranar Litinin na bar gida cike da dangi na hau bas zuwa Kakau. Wannan karon na bi layi, rana tana dukana, wata yarinya ta ce Mama zo ki wuce, na ce a'a 'yata, na taɓa wucewa na ga abin da na gani. Na karɓi biro na rubuta sunan da manyan baƙaƙe, na haɗa da lambar lasisi, na karanta sau biyu. Malamai kusan duk na wancan karon ne. Siririn nan mai barkwanci yana shigowa ya tsaya ya nuna ni.

"Mama, ba ke ce kika ba mu misali a Sabon Tasha ba? Daɗin karatuna kika ji kika biyo ni?"

"Ban tabbatar da sunan majiyyaci ba, Malam," na ce.

Bai gane ba, aji ya yi dariya, aka wuce. Na sake matsa jakar iska a bakin 'yar tsana, na sake koyon wanke hannu, na sa hannu safe da yamma ban tsallake ko ɗaya ba, don wanda ya rasa sa hannu ɗaya ba shi da takarda. Kullum sai rana ta yi sanyi nake isa Kamazou, in tarar matan zumunta sun gama aikin da ya kamata in jagoranta, suna yi mini sannu da makaranta da wata irin murya. Sai in ɗaura zani in shiga wanke-wanke.

Ranar Laraba ce ta fi yi mini tsada, kuma ke ce kika biya, Ngozi. Ke da mahaifiyarki kuka rufe shagonku na Sabon Tasha da rana tsaka kuka zo kawo wa uwar ango zanen da za ta ɗaura ranar biki, wanda a al'adarku a hannunta ake sa shi. Kuka tarar ba na nan. Rahila ta ce mini mahaifiyarki ta tsaya a tsakar gida da zanen a hannu ta ce, to wa za mu ba? Ba a rasa masu raɗa ba, suka ce Misis Ayuba guje wa bikin take yi don ɗanta ya ɗauko 'yar wata ƙabila. Na san maganar ta kai kunnenki, don na ga yadda kika shekara uku kina gaishe ni daga bakin ƙofa. Ban taɓa ƙin ki ba ko na minti ɗaya. A lokacin da kike tsaye a gidana ina can Kakau ina rubuta alamomin jijjigar masu ciki a karo na biyu, zuciyata kuma tana gida. Na cuce ki a ranar, na kuma ƙara cutar ki da shirun da na yi, ki yafe mini.

Ranar Juma'a da ƙarfe biyar iyayen Ngozi suka shirya taron sallamar 'yarsu, an kuma ajiye wa iyayen ango kujeru a gaba. Mu kuwa sai ƙarfe uku aka fara jarrabawa. Na gama da wuri, amma aka ce ba mai fita sai an duba an raba takardu. Na zauna kusa da taga ina kallon agogo, ina lissafin bas biyu da zan hau, na san ba zan kai ba. Huɗu ta wuce sai na ji ƙarar babur ɗin da ko a mafarki na san shi. Na leƙa. Babanku ne, cikin babbar rigar da aka ɗinka masa don taron, ya tsaya gaban mai gadin ƙofa, wani ƙaton mutum da ke riƙe da jerin sunayenmu. Tagar a buɗe take, ina jin komai, su ba sa ganina.

"Sannu da aiki. Matata nake nema, Maman Bitrus."

"Baba, mata cike suke a ciki, rabinsu suna da Bitrus. Sunanta za ka ba ni in shiga in kira."

"Misis Ayuba."

Mai gadi ya bi takardar da yatsa daga sama har ƙasa, ya juya shafi, ya sake bi.

"Babu Ayuba a nan, Baba. Ko ba nan take ba?"

"Nan take."

"To da wane suna ta shiga?"

Babanku ya cire hula ya share goshi ya mayar. Ina iya miƙewa in ce ga ni nan, na kuma yi niyya, amma na ci gaba da zama. Mutumin nan tun da aka haifi Bitrus bai ƙara kiran ko Saratu ba, balle abin da ke biye da shi. Na ga ya dubi babur kamar zai hau ya tafi. Sai ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Me ka ce, Baba? Ƙara murya, motoci suna wucewa."

"Na ce Saratu Dogara!"

Har malamin da ke duba takardu sai da ya ɗaga kai. Mai gadi ya ce yauwa, ga ta nan lamba ta tara, ai da ka faɗa tun ɗazu. Aka taimaka aka fara ba ni takardata, na duba sunan harafi bayan harafi, na fito. Babanku bai dube ni ba, ya miƙo mini leda, ashe zanen da mahaifiyar Ngozi ta kawo ne ya ɗauko mini. Na hau baya. Muka hau titi muka yi tafiya mai nisa, manyan motoci suna wuce mu. Mun kusa kwanar shiga gari ya rage gudu, ya yi magana bai juyo ba.

"Shekara nawa ya riƙe ki?"

"Goma sha bakwai."

Muka wuce masu sayar da rake.

"Ni ina da Bitrus, ina da Ishaku," ya ce. "Bar masa takardar."

Ga taron mutane can a gabanmu. Na dafa kafaɗarsa, abin da ban saba yi a kan titi ba, shi ma bai ture hannun ba. Mun isa an fara addu'ar buɗewa, na ɗaura zanen a kan farin kayana a bayan wata mota. Lasisin ya fito da sunan da kuka gani a bangon ɗakina, na ƙara zama kwas sau biyu a kan lokaci kafin in ajiye aiki. Duk ranar da sabo ya fito, babanku ne ke kai shi Kakuri a sa masa gilashi, ya dawo ya rataye da hannunsa, bai kuma sake furta sunan ba har ya koma ga Ubangiji.